Murhun da Umma Ta Gina

Yammar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ba. Sanyi ya soma sauka tun bayan la'asar, Baba Tela ya rufe keken ɗinkinsa, ya fita ɗan lambun bayan gida, ya durƙusa gaban Mai Tumbi yana jera masa ƙirare ɗaya bayan ɗaya.

Mai Tumbi murhun jin ɗumi ne na yumɓu. Cikinsa kamar randa, da baki a gaba inda ake sa itace, da dogon wuya mai kai hayaƙi sama don kada ya shiga idon masu zama. Yara ne suka raɗa masa sunan tun suna ƙanana, sunan kuma ya bi shi. Umma, matar Baba, ce ta gina shi da hannunta shekarar da ta haifi 'yarsu Auta, don maginiyar tukwane ce ta gaske, kuma a gefen bakinsa har yau akwai shatin babban yatsanta inda ta danna yumɓun tun yana ɗanye. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Tun daga ranar, in dai ana sanyi, Baba bai taɓa barin murhun ya wuni ya kwana ba wuta ba.

Murhun yana da dokokinsa, kuma Umma ta bar su a kan kowa. Sai an shimfiɗa yashi a cikinsa kafin itace. Da ƙaramar wuta ake farawa, har jikinsa ya saba. Sannan babbar dokar: ba a kashe shi da ruwa, barinsa ake yi ya mutu da kansa. Umma takan ce yumɓu ba ya son a firgita shi.

Yaya, babban ɗan gidan, mai walda ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu yana tafiya a hankali su ƙyale shi. Ganin mahaifinsu yana durƙuso kullum da ciwon gwiwa ya sa ya ƙera wani na ƙarfe a shagonsa, baƙi wuluk, mai ƙafa uku da ƙofar raga, ya kawo ya girke kusa da na yumɓun.

"Baba, wannan ko ashana ka nuna masa ya kama," in ji shi. "In ka gama ka sheƙa masa ruwa ka shige ɗaki abinka."

Baba ya dubi murhun sama da ƙasa, ya ce Allah ya yi albarka, ya koma gaban Mai Tumbi. Na ƙarfen ya zama na yara. Yaya ke kunnawa in abokansa sun zo, Auta kuma, wadda ke dawowa daga kantin magani a gajiye, ita aka bar wa kashewa. Wata biyu tana sheƙa masa bokitin ruwa, har hannunta ya saba.

To, a wannan yammar wuta ta kama sosai a cikin Mai Tumbi sai maƙwabci ya buga ƙofa, matarsa ta faɗi, yana neman a kama masa a sa ta a mota. Baba da Yaya suka fita ba ko takalmin kirki. Ana daf da kiran magariba iska ta taso, ta ɗebi tartsatsi daga wuyan murhun ta nufi igiyar shanya, inda kayan ɗinkin mutane ke rataye. Auta ta fito da gudu da bokiti. Ba ta tsaya tunani ba, ba ta ma ambaci Allah ba, hannunta kawai ya yi abin da ya saba.

Murhun ya yi wata ƙara, tas, ya tsage tun daga baki har wuya. Tururi ya turnuƙe. A cikin tururin ne Auta ta ji wani ɗan siririn nishi, irin na tsohuwar da aka taka wa ƙafa.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye a kan murhun. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Ya sa yatsa ya bi tsagar har ƙarshenta, ya tofa addu'a, ya shiga ɗaki. Ranar ba wanda ya taɓa abinci.

Washegari da almuru aka fara jifa. Wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙwal, sannan wani, sannan shiru mai tsawo, sannan wani. Yaya ya zaga bayan katanga da sanda yana cika baki, bai ga ko kyanwa ba. Da ya hau tsani ya duba, ba duwatsu ba ne. Tsingaron yumɓu ne, ja, ƙanana, kuma da ɗuminsu, alhali murhun ya yini a jiƙe.

Rana ta uku Auta ta daina zuwa aiki. Sanyi take ji. Aka lulluɓa mata bargo biyu, aka ƙara da rigar sanyin Yaya, haƙoranta ba su daina haɗuwa ba. Likita ya auna ta ya ce ba zazzaɓi, ba komai. Da rana takan zauna tana kallon bango. Amma da zarar rana ta yi ja, sai ta miƙe a hankali, bayanta a ranƙwafe, ta fita lambu ta tsuguna ta cusa hannuwanta cikin tokar Mai Tumbi. Yaya ya kunna mata na ƙarfen, ya jawo ta kusa, ta fizge da ƙarfin da ba nata ba.

"Ku ɗauke mini wannan," ta ce, da wata murya busasshiya. "Ƙuna yake yi, ba ɗumi ba."

Kwana bakwai ana haka. Ta rame, idanunta suka zurma, ruwa ma sai an matsa mata. Baba ya riga ya binne mace ɗaya daga gidan nan, kuma kowa ya ga tsoron da ke fuskarsa. Ya kasa zare allura, ya mayar wa mutane yadinsu.

A rana ta takwas Yaya ya zo da Malam. Dattijo ne ɗan siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya tafe da komai sai carbi da ƙaramin Alƙur'ani. Ya ƙi zama a falo. Ya ce a shimfiɗa tabarma a lambu, a jira lokacin da abin ke tashi. Suka zauna su uku, shi da Baba da Yaya, hasken yamma yana janyewa daga kan katanga, har tsuntsaye suka yi tsit. Sai ga Auta ta fito a ranƙwafe, ta wuce su kamar ba su nan, ta tsuguna gaban murhun.

Malam ya soma karatu. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ta ba. Ya daɗe yana yi kafin kafaɗunta su fara rawa, ta juyo.

"Ya isa, bawan Allah. Ban zo faɗa ba."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Na daɗe a gidan nan, tun ranar da aka kawo ni."

"Wa ya kawo ki?"

"Maginiyar. A bakin rafin da take haƙar yumɓu nake. Ta ɗebo ni a cikinsa ba ta sani ba, ta gina mini ɗaki ba ta sani ba. Shekara ashirin da biyu ina kwana a yashin nan. Ban taɓa kowa ba. Yaran nan a gabana suka girma, sau nawa ina kautar da hannun wannan daga garwashi."

"To me ya sa kika kama ta?"

"Ta ƙona ni da tururi, ta fasa mini ɗaki. Sanyi nake ji, Malam. Ina zan je? Jikinta ne kaɗai mai ɗumi irin na uwarta."

Malam ya ce yarinya ba da gangan ta yi ba, kuma zalunci ne a kashe rai saboda kuskure. Ta ce ta sani. Ya ce ga murhun ƙarfe nan, sabo. Ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce ƙarfe yanzu ya yi zafi yanzu ya huce, ba mai iya kwana a cikinsa. Yaya ya sunkuyar da kai. Malam ya ce a sayo mata wani na yumɓu, ta ce sai dai na hannun da ya gina wannan, kuma duk sun san inda hannun yake.

Sai ta juya wajen Baba, ta daɗe tana kallonsa.

"Kai kuma ina tausayinka. Ka san shekarar da ciwo ya kama maginiyar, in kun shiga ɗaki takan dawo nan ita kaɗai ta zauna? Magana take yi, tana zaton ba mai ji. Rabin maganar duk a kanka ce. Na riƙe ta kaf, har da muryar. Ka bar ni a jikin yarinyar nan. Ba zan kashe ta ba, zan dai zauna. Kullum da yamma in ba ka matarka."

"Kada ka amsa mata," in ji Malam a hankali.

Amma bakin Auta ya riga ya buɗe, kuma muryar da ta fito ba ta tsohuwar ba ce. Mai taushi ce, da 'yar dishewar nan ta mai yawan zama kusa da hayaƙi.

"Tela, kai dai ba ka iya sa hula daidai ba har ka tsufa. Matso in gaya maka abin da na kasa faɗa maka a asibiti."

Yaya ya fashe da kuka kamar yaro. Baba ya miƙe bai san ya miƙe ba. Shekara biyu yana roƙon Allah ya nuna masa ita ko a mafarki, bai samu ba, ga ta yau taku uku tsakaninsu. Ranar da ta cika ya fita sayen magani ne, ya dawo ya tarar an rufe mata fuska, kuma wannan abin bai taɓa barinsa ba. Ya yi taku ɗaya. Ya yi na biyu. A nan ya ga hannuwan da ke cikin tokar, siraran hannuwan 'yarsa, farcen sun yi shuɗi don sanyi.

Ya sa tafukansa ya toshe kunnuwansa.

"Ki riƙe," ya ce. "Ba ni ta faɗa wa ba. Ki ba ni 'yata."

Bakin ya ci gaba da motsi na ɗan lokaci. Malam ya ɗaga karatu ya rufe muryar, har Yaya ma bai tsinci kalma ɗaya ba. Sannan bakin ya tsaya. Da tsohuwar ta dawo, a gajiye ta dawo.

"Da maginiyar ce, haka ita ma za ta yi," ta ce. "To, ku mayar da ni inda aka ɗebo ni. Ku farfasa ɗakin, ku kai shi bakin rafin, da yashin da tokar. Duka. In aka bar ko tsingaro ɗaya a gidan nan, ina da wurin dawowa, kuma na san halina da sanyi."

Malam ya sa ta yi rantsuwa har sau uku, ta yi. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan tabarma. Da Baba ya taɓa goshinta, gumi ne ke tsattsafowa.

Da safe Yaya ya kawo guduma, Baba ya karɓa daga hannunsa ya ce shi zai yi. Bai yi sauri ba. Ya fara da wuya, ya sauko ciki, suna kwashewa a buhu. Guntun da ke da shatin yatsan Umma ya fita shi kaɗai, bai fi tafin hannu ba. Baba ya ɗora nasa yatsan a cikin shatin. Yaya ya kau da kai don kada ya ga abin da zai sa shi yin magana, kuma har ga Allah da tsohon ya zura guntun a aljihu da bai ce komai ba. Baba ya jefa shi cikin buhun, ya ɗaure bakin da kansa. Suka share wurin har sau biyu, suka kai komai bakin rafin.

Jifa ba ta sake faɗowa ba. Cikin mako guda Auta ta koma aiki. Ba ta tuna komai ba sai bokitin da ƙarar, kuma da ta tambaya ko ta yi wata magana, Baba ya ce sambatun zazzaɓi ne kawai.

Yanzu da yamma na ƙarfen yake kunnawa. Yana kamawa nan da nan, kamar yadda Yaya ya ce. Baba ba ya zuba masa ruwa, yakan zauna ne har wutar ta mutu da kanta, kusa da gurbin Mai Tumbi da ciyawa ba ta riga ta rufe ba. A da, in ya ɗora hannu a jikin Mai Tumbi da asuba yakan tarar da sauran ɗumi. Wannan kuwa kafin a kira isha ya yi sanyi ƙalau. Ranar farko ya daɗe da tafinsa a kan ƙarfen, yana tunanin me muryar Umma za ta ce da ya bari ta ƙarasa, kuma ya san tunanin nan ba zai rabu da shi ba har ya tarar da ita.

"Baba, shigo haka nan, sanyi zai kama ka," in ji Auta daga ƙofar kicin. "Kuma gyara hularka, ta karkace."

Da muryarta ta faɗa, tata ta kanta. Ya gyara hular, ya ce ga shi nan zuwa.