Farantin da Ba a Sharewa

A tsibirin Sakurajima babu mai ganin toka ya wuce ta. Dutsen tsibirin mai aman wuta ya yi tari, toka ta zubo, a share, a ɗura a rawayar leda, a ajiye a bakin titi. Chinatsu Shimozono kuwa ko a cikin masu shara ta yi fice, don kullum da safe sai ta je kabarin mahaifiyarta da ke gefen gonarsu, ta share rumfarsa, ta sake furanni.

Ranar nan tana dawowa ta hango wani faranti a kan turke a bakin gonar, cike da toka. Ta ja tsaki saboda ƙazantar mai shi, ta juye tokar a leda, ta wanke farantin tas, ta kife shi don ya tsane.

Ba ta gama yaba wa kanta ba sai ga wani dogon saurayi da hular kwano da jaka a baya. Ya dubi farantin, ya dube ta, ya zauna daɓas a ƙasa.

"'Yar'uwa, ke kika yi wannan aikin?"

"Ni ce. Ba sai ka yi godiya ba."

"Tokar wata guda ce fa. Aunawa nake yi."

"Toka kake aunawa? To ga ta nan ko'ina, ɗebi har ka gaji. In ba ta ishe ka ba, akwai a kan rufinmu."

Ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. Sunansa Itsuki Naruse, mutumin arewa ne, garin dusar ƙanƙara, yana binciken duwatsu masu aman wuta a jami'ar da ke tsallaken ruwa. Mahaifinta ne ya ba shi izinin kafa turken, sai dai Baba Shimozono mutum ne da maganarsa ta fi ruwan rani tsada, bai gaya wa kowa ba.

Kunya ta kama Chinatsu, ta cika masa jaka da ƙananan lemon gonarsu. Daga nan Itsuki ya riƙa zuwa duba farantinsa fiye da yadda farantin ke bukata.

Wata rana suna zaune a kunyar daikon, wani farin saiwar kayan lambu mai girman tulu, ya ba ta labarin ainihin abin da ke ransa. A Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu, ya ce, dusar ƙanƙara ba ta narkewa, ta bana tana kwanciya a kan ta bara. Idan aka haƙa aka zaro ƙanƙarar kamar sanda, wani lokaci a ga siririn layin toka a ciki, a san wani dutse ya yi aman wuta a shekarar. Iskar da ta maƙale a ciki kuma ita ke faɗin zafi da sanyin da duniya ta sha tun kafin a yi kakanni.

"Wato can babu mai shara," in ji Chinatsu.

"Shi ya sa ba abin da ya ɓace."

"Da ni aka kai, da tuni na gyara muku wurin."

"Na sani, Tsintsiyata."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta raɗa masa Mai Toka, kuma tun ba ta yarda ba har ta yarda cewa son mutumin nan ya kama ta.

Matsalar ɗaya ce, kuma duk tsibirin ya san ta. Chinatsu ita kaɗai iyayenta suka haifa. Doka ta ce miji da mata suna ɗaya za su ɗauka, don haka in ta bi sunan miji, gidan Shimozono ya ƙare ke nan, sunan da ke jikin dutsen kabarin ya rasa magaji. Dole mijinta ya shigo gidan, ya ajiye sunansa. Gota, ɗan maƙwabtansu mai aiki a jirgin fito, ya daɗe da cewa shi a shirye yake.

Ranar da Itsuki ya zo gaisuwa, Baba ya bari sai da aka zuba shayi.

"Yaro, aikinka ba ruwana da shi. Abu ɗaya zan tambaye ka. Za ka ajiye Naruse ka zama Shimozono?"

Duk binciken da Itsuki ya rubuta da sunan Naruse ya fita, kuma yanzu ne aka fara sanin sunan, har an zaɓe shi cikin masu tafiya haƙar ƙanƙara a Antaktika, tafiyar da za ta wuce shekara.

"Baba, a ba ni lokaci in yi tunani."

"Shayinka ya huce," in ji tsohon. Ya tashi ya koma gona.

Chinatsu ta raka shi bakin jirgi, zuciyarta na ƙuna. Ba ƙin da ya yi ne ya ɓata mata rai ba, ai bai ƙi ba. Jinkirin ne.

"Da ni aka ce in ajiye nawa, Itsuki, babu mai ba ni lokacin tunani."

"Sunan nan shi kaɗai na mallaka."

"Ni ma haka."

Haka suka rabu, an yi ba a yi ba, kuma haka ya tafi ƙarshen duniya.

Farantin dai yana nan a kan turkensa. Kullum Chinatsu ta dawo daga kabarin sai hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, amma ta daure ta wuce. In lokaci ya yi ta juye tokar a kwalaben da ya bari, yadda ya koya mata. Baba yana gani.

Da damina guguwa ta yaye rumfar kabarin, Gota ya zo ya gyara. Chinatsu ta ɗauki hoton sabuwar rumfa ta tura wa Itsuki, ba ta lura da Gota a kan tsani yana washe baki ba. Amsa ta zo:

"Na ga an samu mai gyara. Ina taya ki murna. Ya fi ni cancanta."

Ta karanta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta rubuta:

"Mai Toka, ƙanƙara ta daskarar maka da ƙwaƙwalwa ne? Gota rumfa ya gyara. Na ba shi lemo, na kuma ba shi haƙuri. Farantinka yana nan, ban share ba. Ka san abin da hakan ke nufi a wurin 'yar tsibirin nan?"

Sai da ta fara fid da rai sannan wayar ta yi ƙara:

"Tsintsiyata, ki yafe min. Yau mun zaro ƙanƙarar da ta girmi garuruwanmu duka. A cikinta akwai layin toka siriri kamar gashi. Babu wanda ya san sunan dutsen da ya zubo ta, amma ga ta nan, tana yi mana aiki. Na daɗe ina kallonta. Ki gaya wa Baba ina da amsa, sai dai ba ta waya ba ce."

Ya dawo a rame, sanyi ya ƙona masa fuska. Da safe ya same su a kabari. Baba bai amsa gaisuwarsa ba, tsintsiya kawai ya miƙa masa. Itsuki ya share rumfar, sharar da Chinatsu ta san sai ta maimaita, sannan ya durƙusa.

"Baba, na yarda. Zan zama Shimozono."

"Ka san abin da kake ajiyewa?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna. Sai ranar da ka ji an kira tsohon sunan a kasuwa, ka waiwaya, ka ga wani ake kira."

Chinatsu ta san, kamar yadda kowa ya sani, cewa mahaifinta shi ma shigowa gidan ya yi. Ba ta taɓa tunanin abin ya bar masa tabo ba, kuma ta ji tausayinsa irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Da ka amsa min nan take a ranar nan, da ban ba ka ita ba," in ji Baba. "Gota ko numfashi bai ja ba ya ce to. Wanda bai ji zafin ajiye nasa ba, ba zai iya riƙe na wani ba."

"Baba, mene ne naka na da?"

Tsohon ya dubi dutsen kabarin matarsa. "Hamasaki," ya ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da ya manta.

An yi biki da bazara. Gota ne ya fito da baƙin ango a jirginsa, yana ta yi musu barazanar juya su a tsakiyar ruwa. Dutsen ma bai bari an yi babu shi ba, ya yi tari, toka ta sauka a kan fararen kayan amarya. Mata suka yo ca za su kakkaɓe, Chinatsu ta ce su bari, mijinta zai so ya auna.

Ana tsakiyar cin abinci ango ya miƙe. Baba ya ba shi baya, yana magana da wani maƙwabci.

"Baba Hamasaki," in ji Itsuki.

Tsohon ya waiwayo da sauri, kafin ma ya yi tunani. Wannan karon shi ake kira.

"Na gode da ka riga ni bin hanyar nan," in ji ango, ya sunkuya har ƙasa.

Baba ya daɗe yana murza ido. Ya ce toka ce ta faɗa masa, kuma a tsibirin nan ba a musa wa mutum wannan. Da ya samu murya ya kama hannayensu biyu ya haɗa.

"Ku tsufa tare, ku ga jikoki," ya ce. "Ke ki yi ta shara, kai ka yi ta tarawa. Gidan Shimozono ba zai rasa komai ba."