Zaure a Cikin Akwatin Ashana

Da ƙarfe goma daidai injin ƙyanƙyasar ya yi ɗan gurnani, farantin ƙwai ya karkata hagu a hankali, ya tsaya. Ƙwan zabi talatin da huɗu ne a kai, kowanne da lambar da Hajiya Tasalla ta rubuta masa da fensir. Zafin ciki digiri talatin da bakwai da rabi, danshi kashi hamsin da biyar. A bayan injin akwai wani ɗan akwati da bai fi na ashana girma ba, manne da fallen jan ƙarfe. An naɗe fallen da tsumma, ɗaya bakin tsumman kuma yana cikin tulun ruwa.

"Kin gani ko?" in ji Injiniya Barau. "Kwana tara ke nan bai yi ko tari ba."

"Na gani. Kai ma ai ka shekara saba'in ba ka yi abin kirki ba, kuma ba ka yi tari ba."

Taubasai ne su biyun. Mahaifiyar Tasalla, marigayiya Dakta Uwale, ƙanwar mahaifin Barau ce, saboda haka tun suna yara ba sa gaisawa sai da baƙar magana. Suna tsaye ne a rufin bene na talatin da ɗaya a Sabuwar Funtuwa, inda Tasalla ta shekara ashirin tana kiwon zabi a cikin kejin waya, tsakanin faifan sola da tankin ruwa.

A lokacin, wato tsakiyar ƙarni na ashirin da biyu, zabi sun kusa ƙarewa. Dajin da suke kiwo ya zama filin sola, gonaki sun koma cikin gine-gine. Kamfanonin kaji ba su damu da zabo ba, don ba ya son keji, ga surutu, ga jinkirin girma. A iya sanin kowa, garken Tasalla ne na ƙarshe a birnin da kewayensa: zabo ɗaya da zabi mata shida. Wata cuta ta shigo, cikin kwana biyu ta kwashe su duka. Abin da ya rage ƙwan nan ne, kuma ƙwai ba ya jira. In ya wuce kwana goma ba a sa shi a ɗumi ba, sai dai a soya.

Mutanen da kan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Wannan hanya ta riga ta toshe. An shafe shekaru ana tace irin kaji don su yi ta ƙwai ba hutu, har aka samu kazar da ba ta san kwanci ba sam, aka kuma rubuta wannan a littattafan makaranta a matsayin ci gaba. Injin ƙyanƙyasar kamfani kuwa ƙwan kaza kaɗai ya sani. Ran kwana ashirin da biyu yake kashe kansa ya shiga wanki, alhali zabo sai ya yi ashirin da takwas.

Tasalla ce ta tuna da manhajar mahaifiyarta. Dakta Uwale likitar dabbobi ce, ta shekara ashirin tana auna zafi da danshin da ƙwan zabi yake so a kowace sa'a, ta zuba shi duka a wata manhaja da ta kira Kwanci. Matsalar ita ce, Kwanci ba ta tashi sai a kan Zaure, wata tsohuwar babbar manhaja ta kwamfutar tebur, irin wadda ake zama gabanta a kan kujera. Kwamfutar tebur ta ƙarshe da Barau ya gani da idonsa a gidan tarihi take.

"Zan ɗora Zaure a kan 'yar ashanar injin," in ji shi ranar da ta kawo masa maganar. 'Yar ashana ita ce ɗan akwatin da ke tafiyar da injin.

"Yana yiwuwa?"

"Waɗanda suka ƙera ta sun ce ba ya yiwuwa."

"To ka cire 'yar ashanar mana. Ka bar mini hita da ma'aunin zafi, in riƙa juya ƙwan da hannuna."

"Sau nawa a rana, da waɗannan gwiwoyin naki? Ke da sai kin yi sallama da matakala kafin ki hau?"

Maganar gwiwoyin gaskiya ce. Akwai kuma wata gaskiyar da bai faɗa ba. Barau ya yi ritaya shekara takwas da suka wuce daga wani aiki da na'urori suka karɓe, kuma tun daga lokacin babu wanda ya tambaye shi ko da ƙarfe nawa.

Kwana huɗu ya yi a kan aikin. Babbar manhaja irin Zaure an gina ta ne da zaton za ta sauka a babban gida: ƙwaƙwalwa mai faɗi, allo, madannai, fanka. 'Yar ashana ba ta da ko ɗaya. Sai da ya yanke wa Zaure duk abin da ba dole ba, hotuna da sautuka da wasanni, har ta shiga ƙwaƙwalwar da ƙyar. Da ta tashi kuma, ba ta gane komai a kewayenta ba. Ba ta san hita ba, ba ta san injin juya faranti ba, ba ta san ƙofar iska ba. Ya zauna ya rubuta wa kowanne 'yar ƙaramar manhaja da ake kira tafinta, mai fassara umarnin Zaure zuwa abin da ƙarfen yake ji. Da ta tambayi kwanan wata ya rubuta mata da hannu, saboda cibiyar sadarwar birni ba ta kula na'urar da ba ta da rajista.

Saura zafi. Zaure tana sa 'yar ashana aikin da ya fi ƙarfinta, cikin minti arba'in sai ta yi zafin da ba a iya taɓa ta, ta ɗauke. Babu wurin sa fanka. Barau yana cikin tunani ya hangi tulun da Tasalla ke shan ruwa a inuwar tanki, irin na ƙasa, wanda ta ƙi rabuwa da shi don ta ce ruwan firji ba ya kashe ƙishi. Ya jawo shi, ya sa tsumma. Ruwa yana hawa tsumman, iska tana busar da shi, jan ƙarfen yana sanyi. Ya yi kwana uku yana zuwa dubawa da magariba, kullum ya tarar da ruwa fiye da rabi. Ya rubuta a littafinsa cewa cikin tulu ɗaya yana kai yini da kwana.

"Abu ɗaya kawai," ya ce mata. "Ki cika shi kowace asuba."

"Tulun nawa za ka koya mini?"

Abin da Barau bai sani ba, ita ma Tasalla ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne tana hawowa bayan azahar ta sha maganinta da ruwan tulun. Kuma tun tana yarinya an hore ta cewa wanda ya sha ruwa a tulu ya mayar da abin da ya ɗiba, har da ƙari. Ashe sau biyu ake cika shi a rana. Lissafin Injiniya daidai yake, sai dai ya auna tulun ne tare da tarbiyyar mai shi.

Kwanaki suka tafi lafiya. Ran kwana goma sha biyu suka haska ƙwan da tocila, talatin da ɗaya suna da rai. Ran ashirin da huɗu Kwanci ta tsayar da juyi, ta rufe ƙofar iska, ta ɗaga danshi zuwa kashi saba'in, kamar yadda Dakta Uwale ta tsara. A waɗannan kwanakin ƙarshe ɗan tsako yake daidaita kansa ya fasa ɓawo. In aka juya shi sai ya rikice, in iska ta bushe kuma, tantanin ciki ya manne masa kamar leda. Ran ashirin da biyar da yamma Tasalla ta kara kunne ta ji ƙananan koke-koke daga cikin ɓawo. A daren aka ga watan azumi.

Ta cika tulun bayan sahur. Bazara ce, zafin rufin ya kai digiri arba'in da bakwai. Da azahar ba ta hau ba, don babu maganin sha, kuma mai azumin ranar farko ba ya neman ganin tulu. Ta kishingiɗa, da la'asar ta shiga kicin ta hau dama kunu da suyar ƙosai. Wajen ƙarfe uku tsumman ya bushe. 'Yar ashana ta yi zafi, ta ɗauke, ta huce, ta sake tashi da kanta. Ta yi haka sau da yawa kafin rana ta yi sanyi. Bayan shan ruwa Tasalla ta hau, ta tarar da tulun ƙaf, ta cika shi. Koriyar fitila tana ci, injin yana ɗumi. Ta ce alhamdu lillahi ta sauka.

Da hantsi washegari ta sake hawa, ta kara kunne, ba ta ji komai ba. Tana tsaye sai injin ya yi gurnani, farantin ya karkata dama a gaban idonta.

"Barau, ka zo yanzu," ta ce a waya. Ba ta haɗa da ko zagi ɗaya ba, shi ya sa ya fito da takalmin wanka.

Ya jona ɗan allon da yake yawo da shi a jaka. Zaure ta buɗe tsaf, da gaisuwarta. A ƙasa Kwanci ta rubuta: Rana ta ɗaya. Saura kwana ashirin da bakwai.

"Me ke nan?" in ji Tasalla.

Barau ya zauna a kan bokiti. "Agogo," ya ce. "Kowace kwamfutar tebur tana da wani ɗan batir kamar maɓallin riga, mai riƙe mata lokaci in ta ɗauke. Zaure ba ta taɓa tambaya ko akwai shi ba, don ba ta taɓa sauka inda babu shi ba. 'Yar ashana ba ta da shi. Da ta farka sai ta koma kwanan watan da na rubuta mata da hannu."

"Wato tun jiya take juya su."

"Kowace sa'a. Ta kuma buɗe ƙofar iska."

"Kai ka san babu batir ɗin?"

"Na sani. Na ce ai ba za ta ɗauke ba."

Tasalla ta dube shi. Ta ce, "Tashi daga kan bokitina, ruwan ɗumi zan ɗebo."

Suka cire wayar injin juyi. Suka yini a rufin da bakin azumi, ita da auduga da ruwan ɗumi tana jiƙa tantanin da ya manne, shi da hantsakin gyaran waya yana ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan. Mafi yawa sun riga sun mutu, wasu da baki a waje, wasu sun juye kai ƙasa. Tara suka fito da rai. Kafin sati ya cika, huɗu suka bi sauran, biyar suka tsaya da ƙafafunsu.

"Biyar ma garke ne," in ji Barau. "In aka samu mace biyu, shekara uku kin koma inda kike."

Ba a gane jinsin ɗan zabo da ido yana ƙarami. Sai ya yi wata biyu ko fiye, murya ta buɗe. Namiji ƙara ɗaya yake yi, yana maimaitawa. Mace ce kaɗai take da kuka mai hawa biyu. Saboda haka Tasalla ta sa aka kai mata kujera rufin, kullum da safe ta zauna gaban keji da carbinta tana saurare.

Shi kuwa Barau ya koma kan 'yar ashana. Ya samo batir ɗin agogo a kasuwar tsofaffin kaya, ya liƙa da dalma, ya rubuta masa tafinta cikin rabin yini. Ya haɗa tulun da tankin ruwa ta wani siririn tiyo mai ɗiga da kansa. Sannan ya rubuta bayanin aikin duka, mataki-mataki, har da kuskuren agogon, ya saka a dandalin masu gyaran na'urori. Cikin wata guda mutum dubu goma sha ɗaya suka sauke shi. Wani a Agadas ya ɗora Zaure a kan famfon rijiya, wata a Kumasi ta ɗora a kan keken ɗinki. Babu wanda ya tambayi yadda aka ƙare da ƙwan.

Bayan Babbar Salla da sati biyu ya hau rufin da sabuwar hula da takardar gayyata. Ƙungiyar injiniyoyi tana so ya yi jawabi a taronta na shekara. Ya tarar da Tasalla a kujerarta, zabi biyar suna kai da kawo a keji, sun yi ƙiba, sun fara zane.

"'Yar ƙauye, tashi ki gaida babban baƙo mai jawabi."

"Zauna ka ji," in ji ta.

Ya zauna. Ta watsa gero, ta tafa hannu. Biyar ɗin suka ɗaga wuya suka ɗauki ƙara, rufin ya cika. Barau ya saurara har suka gaji. Bai iya kiwo ba, amma ya iya ƙirga ɗaya da biyu.

"Wataƙila wata ba ta buɗe murya ba tukuna," ya ce.

"Sati uku ke nan ina gaya wa kaina haka. Duka maza ne, Barau."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Can ya nuna injin da haɓa, murya ƙasa-ƙasa. "Kwana saba'in ke nan bai ɗauke ba. Yanzu ko wuta aka ɗauke, ba zai manta ranar ba. Babu abin da ya rage ban gyara ba."

"Madalla, Injiniya," in ji Tasalla. "Saura ka yi masa ƙwai."