Muryar Inno

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, kuma tun da hantsi manhajar hirar da kowa ke amfani da ita ta tsaya cak. Saƙo ba ya fita, ba ya shigowa. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa rumfar Hafizullahi mai gyaran waya, kowa na zargin tasa wayar.

Shi kuwa tuni ya gano bakin zaren. Ya duba data, akwai. Ya buɗe wasu shafukan, sun buɗe. Ya cire layin Najeriya ya sa na Nijar, wanda kusan kowa ke ajiyewa don ranar da sabis ya gudu, nan ma shiru. Matsalar ta kamfanin ce, can inda hannunsa ba ya kaiwa. Duk wanda ya zo amsa ɗaya yake samu: "Ku yi haƙuri ku jira, daga can na."

Sai ga wata budurwa cikin hijabi ruwan toka, riƙe da tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi.

"Malam, don Allah duba mani, ta ƙi tura saƙo."

Da ya faɗa mata abin da ya faɗa wa kowa, da ta juya ta yi tafiyarta, abin da Hafizullahi ya ji ba zai iya jurewa ba ke nan. Ya jawo benci, ya kaɗe shi da hularsa, ya ce ta zauna, aikin na son natsuwa.

Ya kashe wayar ya kunna. Ya sauya layi. Ya gyara kwanan watan da ba abin da ya same shi, yana yi yana jefa tambaya. A haka ya ji sunanta Hadiyya, ɗiyar Malam Lauwali mai Islamiyyar bayan tasha. Da dabaru suka ƙare, ita kuma ta fara haramar tashi, sai ya goge manhajar gaba ɗaya ya sake sauke ta, ko shawararta bai nema ba.

"Ki dawo da ita gobe in ƙarasa," ya ce, har da ɗaure fuska irin ta ƙwararru.

Kafin magariba manhajar ta dawo wa kowa da kanta. Washegari ya shigar wa Hadiyya lambarta, ta karɓi wayar da murmushi. Ta ja sama, ta ja ƙasa, murmushin ya ɓace.

"Ina Inno?"

Inno mahaifiyarta ce, ta rasu bara da damina. Ba ta iya rubutu ba, don haka lokacin da Hadiyya ke karatu a Sakkwato komai da murya take aiko mata, gaisuwa da faɗa da addu'a. Waɗannan saƙonnin Hadiyya ke saurare kowace safiya. Ba ta ajiye su a wani wuri ba, ita kuwa wayar marigayiyar tuni ta lalace aka yar.

"Ko abin ga na jiya yac cinye su?"

"Tsoffin wayoyi kan yi haka," in ji Hafizullahi, idonsa a kan tebur.

Ta share hawaye, ta ce haka Allah ya ƙaddara, har ta yi masa sannu da wahala. Wannan sannun ta fi masa zagi ciwo.

Kunya ce ta fara sa shi tura mata saƙon gaisuwa, amma ba a daɗe ba so ya karɓe aikin. Ta raɗa masa suna Injiniya.

"Injiniya, ka ci abinci ko har yanzu kana fama da wayoyin mutane?"

"Na ci, Hadiyyata. Sai dai komai lami yake in ban gan ki ba."

"Daɗin baki. Allah ya shirye ka."

Yakan yi dariya shi kaɗai a rumfa, sai kuma ya tuna ƙaryar da ya yi mata, dariyar ta ɗauke.

Malam Lauwali ya fi son ya haɗa ta da Jabir, ɗan ƙanensa da ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Isa. Wata la'asar, suna zance a ƙofar gida, Hadiyya ta kwantar wa Hafizullahi da hankali.

"Na gaya ma Baba, ni kai nika so. Kai kat tsaya mani ranar da nir rasa Inno karo na biyu."

Nan ƙarfinsa ya ƙare.

"Hadiyya, ni nig goge su. Wayarki lahiya lau take. Tun kahin ki zo na san matsalar daga can ta, jira kawai aka yi. Na riƙe ki don in ƙara ganin ki."

Ta miƙe, ta naɗe tabarmarta, ta shige gida. Saƙo ɗaya ta turo masa:

"Da gogewar ce kawai, da na yafe tun ranar. Amma ka bar ni ina ta yi maka godiya."

Daga nan ɗif. Saƙonninsa na shiga, ana karantawa, ba amsa, kuma wannan karon babu layin da zai sauya. Da kawunsa Wada ya je ban haƙuri, Malam bai ja magana ba.

"Kuskure kowa na yin shi. Amma ya dubi marainiya yay yi mata ƙarya. Ba ni ba shi ɗiyata."

Hafizullahi bai ga laifinsu ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne safiyar Hadiyya da ya mayar shiru. Yana cikin wannan tunani ya faɗo masa cewa matar da ba ta rubutu, ai ba ɗiyarta kaɗai take aika wa murya ba.

Ya rufe rumfa ya hau babur. Ya fara da garin Bafarawa, gidan Gwaggo Amatullahi, yayar Inno. Ba yadda za a yi tsohuwa ta miƙa wa baƙo wayarta ba dalili, don haka dole ya kwashe komai ya faɗa mata. Ta wanke shi tas, har ta kira shi ɗan banza mai idon mata. Sannan ta ba shi fura, ta ba shi wayar, ta lissafa masa gidajen dangi da ƙawaye a Isa da ƙauyukan gefe. Kowane gida sai ya maimaita abin da ya yi, kowane gida da irin kallon da ake yi masa. Ya shanye.

Ya tara abin da ya samu a ɗan katin memori na waya, ya durƙusa gaban Malam a zaure.

"Baba, waɗanda ta aiko ma Hadiyya sun tahi, ba su dawowa. Wanga na dangi na. Ba don a ba ni ita niz zo ba, hakkinta na."

Malam ya sa aka kunna. Sai ga Inno tana cigiyar turminta da aka ara aka ƙi maidowa, tana yi tana dariya. Dattijon ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya yi wa Hafizullahi alama da hannu ya tafi.

Sai da aka yanke gero sannan wayarsa ta yi ƙara da sunan da yake jira.

"Injiniya, ban gama hucewa ba. Amma Baba ya ce ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da yamma, da za a fita da amarya, Gwaggo Amatullahi ta tsayar da mata a tsakar gida.

"Uwa ka sallamar ɗiyarta. Akwai guda da niɓ ɓoye, ban ba yaron ga ba."

Ta kunna, muryar Inno ta cika gidan:

"Amatu, ɗiyar ga tawa ba ta da aibi sai nauyin hannu wurin gishiri. Jiya miyarta ko akuya ta ƙi. Allah dai shi ba ta miji mai haƙuri da gishiri, shi riƙe mani ita amana."

Mata suka kwashe da dariya, dariyar ta koma kuka, aka yi ta amin.

Hafizullahi na tsaye a waje jikin motar amarya tare da abokansa, sai saƙo ya shigo. Wannan muryar ta Inno ce Hadiyya ta turo, da layi ɗaya a ƙasa:

"Mijina, ka ajiye mani wannan. A hannunka na bar ta."

Ya kara wayar a kunne ya saurara har ƙarshe, hawaye na sauka a kan sabuwar shaddarsa.

"Na karɓa, Inno," ya ce a hankali.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kai rahama kabarin Inno.