Motar da Ta Kwashi Samarin Gerar Amba

Tun kafin motar ta ɓullo daga bayan dutse kasuwar ta watse. Ƙuginta kawai aka ji. Mata suka bar tulunan zuma, mai jaki ya bar jakinsa, samari suka faɗa gonakin sha'ir kamar ƙasa ta haɗiye su.

"Kar ka kashe ta!" in ji shugabansu, Shambal Mekuriya, yana dira ƙasa da ƙaramar bindigarsa Makarof a hannu.

"Na sani," in ji Zerihun direba.

Kullum sai ya faɗa, kullum sai Zerihun ya ce ya sani. Batirin motar, Ural ta soja, ya riga gwamnatin da ta sayo ta mutuwa. In aka kashe ta a fili, sai an samu gangare da ƙarti masu turi kafin ta sake tashi. Don haka aikin Zerihun bai wuce ya zauna a kan sitiyari ba, ƙafa a kan totur, yana jin buhunan hatsin tef da na gahawa suna faɗawa a baya — dim, dim — Kurma da wasu yaran Shambal biyu suna lodin kayan da aka gudu aka bari.

Ko harsashi ɗaya ba su harba ba. A shekarun yaƙi irin wannan motar ce take zuwa ran kasuwa, sojoji su toshe hanya gaba da baya, duk yaron da gashin baki ya fara tsiro masa a jefa shi ciki, sai fagen daga. Yanzu rundunar ta tarwatse, manyan sun tsere, ana sayar da bindigar Kilash a bakin titi kamar rake. Amma kunnen mutane bai manta ba. Shambal yakan ce tsoron da suka shuka da kaki, shi suke girba ba kaki.

Zerihun kaɗai ne bai cika dariyar maganar ba. Shi ma ran kasuwa aka ɗauke shi a yankin Gojjam, da gishirin da uwarsa ta aike shi saye a hannu. Daga baya aka koya masa tuƙi, ya koma shi ne mai ɗauka. Har yanzu in hanya ta yi shiru yakan ji ana dukan rufin gidan direba daga baya, da tafin hannu, yadda yaran suke yi suna roƙon a tsaya. Ya sha waiwayawa. Buhuna ne kawai.

Da la'asar ruwa ya kece, suka fake a gefen wata tankar yaƙi da ta ƙone a bakin hanya, bakin igwarta yana kallon ƙasa. Shambal ya kurɓi giyar areke ya miƙa kwalbar.

"Asabar, Gerar Amba. Akwai wani ɗan kasuwa ya tara alkama da man girki kamar shi kaɗai ke da ciki."

Zerihun ya ce, da kiran girmamawar da yake yi masa, "Gashe, a canja gari."

"Budurwa ka bari a can?"

Sauran suka kwashe da dariya. Kurma ya dubi bakinsu, sannan ya yi tasa a makare. Igwa ce ta cinye masa kunnuwa a arewa.

"Na taɓa yin lodin samari a can," in ji Zerihun.

"To ai shi ke nan, sun san muryarta. Za su fi kowa gudu." Shambal ya matso, ya dafa masa kafaɗa. "Ji nan, ɗan Gojjam. Wannan ne na ƙarshe. In mun gama, ni da kaina zan raka ka gadar kogin Abay, ka tsallaka wurin tsohuwarka da buhunka a kai. In kuwa ƙafarka ta fara yi maka nauyi, ka tuna Asnake. Shi ma haka ya fara, da a canja gari."

Babu wanda ya yi dariya. Duk sun san ramin da aka bar Asnake.

A can ƙasan kwari, motar dakarun sababbin masu mulki ta kafe a taɓo har gindi. Shugabarsu, Letebirhan, wata siririya mai takalmin roba da ta girma a daji da bindiga a kafaɗa, ta tsuguna tana duban sawun taya mai faɗin tabarma.

"Ural ce. Hanyar nan kuma kasuwa ɗaya take kaiwa."

"To yaya za mu yi da tamu motar?" in ji wani cikin yaranta.

"Bar ta ta huta. Yaushe ka zama ɗan gata? Da can da me muke bin su?"

Suka rataya bindigogi suka hau dutse da ƙafa.

Abin da Shambal bai sani ba, a makon da ya wuce wata babbar mota ta tsaya a ƙauyen da ke maƙwabtaka da Gerar Amba, ta sauke wasu samari da aka riga aka yi musu zaman makoki. Ɗaya ba ƙafa, ɗaya ba ya magana, amma da ransu. Tun daga ranar, matan Gerar Amba da kunne ɗaya suke aiki, ɗayan yana kan hanya.

Ranar Asabar hantsi ya dubi ludayi, Zerihun ya sako motar daga gangare, ya taka totur ta yi ƙugin nan nata. Ya shigo filin kasuwa yana jiran ya ga bayan mutane.

Sai ya ga fuskoki.

Guɗa ta tashi daga wajen masu barkono, ta zagaye kasuwar. Mata suka zubar da abin da ke hannunsu suka nufo motar da gudu, fararen mayafansu suna jan taɓo. Ya danne birki. Kafin Shambal ya buɗe ƙofa sun kewaye ta gaba da baya, suna dukan jikinta, suna jan tamfol ɗin da ya rufe su Kurma.

"Kasahun! Kasahun yana ciki?"

"Ku duba mini Ayalew, dogo ne, yana da wushirya."

"Wane irin hauka ne wannan?" in ji Shambal. Ya zuro hannu ta taga ya harba sama — tau, tau! Tsuntsaye suka tashi daga kan bishiyoyin coci. Matan ko gezau. Wata ma ta ƙara guɗa, ta ɗauka murna ce.

Wata tsohuwa ta kama madubi ta hau matakalar gefen direba, tana haki. Emama Tiruwark ake ce mata. Ta tura masa ƙullin soyayyen sha'ir a cinya, ta ƙura masa ido. Ya kau da kai, amma ta riga ta ga tabon ƙunar da ke wuyansa.

"Kai ne," ta ce. Babu fushi a muryarta ko kaɗan. Ta waiwaya ga matan. "Shi ne, wanda ya tafi da su. Ban gaya muku ba? Na ce wanda ya san inda ya kai su, shi zai dawo da su." Ta shafa masa kumatu. "Ka rame, ɗana. Belachew nawa yana baya?"

Daga baya aka fara dukan rufin gidan direba da tafin hannu. Wannan karon Shambal ma ya ji, don Kurma ne.

"Shambal, masu takalmin roba! Ga su can suna gangarowa ta bayan coci!"

Shambal ya leƙa, ya dawo da kansa ciki. "Ja mu tafi."

"Akwai mutane a gaba, Gashe."

"Na ga mutane. Sa giya. Za su matsa."

"Ba za su matsa ba."

"To taka su." Bakin Makarof ya taɓa haƙarƙarinsa, da sanyi. "Gada tana can tana jiranka, shege. Tsohuwarka ko tasu? Zaɓi."

Zerihun ya taka kuloci ya sa giya. Motar ta girgiza. A gaban ƙarfen hancinta wata mata ta ɗaga yaro sama don uban da ke ciki ya gan shi. Emama Tiruwark tana maƙale da madubi, tana yi masa murmushi da dasashi. Ya ga gadar a zuciyarsa, da jan ruwan damina a ƙarƙashinta, da hanyar da ke hawa zuwa gida. Ba ta da nisa. Ɗaga ƙafa ɗaya ne.

Ya miƙa hannu ya kashe motar.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙugin tsoratarwa. Shambal ya dube shi kamar bai gane ba. Sannan ya harba.

A baya, Kurma bai ji harbin ba, amma ya ji motar ta daina rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya kuwa san ma'anar haka. Ya tura Kilash ɗinsa ƙarƙashin buhu, ya yaye tamfol, ya diro hannu sama. Sauran biyun suka bi shi. Matan suka yi musu caa, suna juya fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya kamar masu zaɓen tukunya, suna sakewa. Wata ta hau ciki ta ɗaga buhunan wofi, har da leƙa ƙarƙashin benci.

"Mu tilasta mana aka yi," Kurma yake faɗa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa. "Ga shi can, mai jar hula. Shi ne ya kashe Asnake ma."

Shambal ya yi ƙoƙarin kutsawa ta cikin rumfuna. Taɓo ya riƙe masa takalmin soja, Letebirhan ta iso shi ba ta ko yi gudu ba.

"Ajiye, Shambal. Yaƙin ya ƙare, ba a gaya maka ba?"

Aka sauko da Zerihun aka kwantar a kan buhu. Emama Tiruwark ta ɗora kansa a cinyarta, ta danna mayafinta a inda jinin ke fita. Ta riga ta ga babu Belachew a bayan motar. Duk da haka ta sunkuyo.

"Ɗana, kafin ka yi barci. Ina ka kai su?"

"Sansanin horo, Emama. A bakin ƙofa na sauke su."

"Da ransu?"

"Da ransu. Dukansu."

Ta ɗago ta dubi matan da suka yi cirko-cirko. "Kun ji? Da ransu ya sauke su." Ko da ta mai da ido kansa, ya riga ya tafi.

Aka ɗaure Shambal da igiyar jaki, aka tasa ƙeyarsa tare da sauran ukun. Alkamar ɗan kasuwa ko ƙwaya ba a taɓa ba. Motar kuwa babu wanda ya yarda ya tura ta, nan aka bar ta.

Limamin coci ya tambayi sunan uban mamacin da ƙauyensu, don a aika. Kurma ya ce shi dai ɗan Gojjam ya san ana ce masa. Shambal kaɗai ya sani, shi kuwa ya tofar da yawu ya juya baya.

"To baƙo ne," in ji limamin. "Sai a binne shi bayan katangar coci."

Emama Tiruwark ta miƙe, mayafinta ya rine, ta ce a kawo ruwa.

"Wurin da na tanadar wa kaina za a sa shi. Uwarsa ba ta nan. Ni ina nan."