Kujerar da Ke Gefen Reva

Ranar da Reva Lindqvist ta fara ɗora ido a kan Tobin Etchart, zaginsa ta je yi.

Gasar harbi ta watan Yuni ce a filinmu na bayan gari, iskar Montana tana ta fizgar malafun mutane kamar an aiko ta. Reva na zaune a ƙasa, ta ɗora bakin tsohuwar bindigar kakanta a kan gicciyayyun sanduna, tana saitin ɓaunar ƙarfe da ke can yadi ɗari takwas. A gefenta mahaifinta Orval ne a kujerar mai hange, idonsa a madubin hangen nesa. Shi ke karanta mata iska, ya gaya mata inda harsashi ya faɗi. A filinmu babu mai yi wa maharbi magana sai mai hangensa. Ko fasto ne ya zo wucewa, sai ya kama bakinsa.

Kwatsam wani dogon saurayi a cikin 'yan kallo ya ce, "Iskar ta koma hagu fa."

Reva ta gyara saiti ta ja kunama. Harsashin ya je ya tayar da ƙura can wani wuri, inda ko saniyar gaske ce a tsaye ba za ta ɗaga kai ba.

Tana gama harbinta ta miƙe, fuska duk baƙin albarushi, ta nufe shi.

"Kai ne mai hagu?"

"Ni ne." Ya cire malafa ya riƙe a ƙirji.

"Ka taɓa karanta iska a rayuwarka?"

"Yau na fara."

"To yau ka gama."

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Tutar nuna iska ya kamata in kalla. Ni kuma ba ita nake kallo ba."

Ni da nake sayar da kofi a filin nan tun ba a haifi yarinyar ba, na ga kunnuwanta sun yi ja. Na ce a raina shi ke nan, an gama da 'yar Orval.

Kafin a gama yankan ciyawar wannan shekarar, wayoyinsu ba sa hutawa.

"Maharbiyata, yau na kai tumaki kan tudu, na zauna ina kallon yadda iska ke kwantar da ciyawa. Ban gane komai ba, ke kawai na tuna."

"Ɗan Tumaki, ka ci gaba da kallo. In ka gane, ka zo ka ci abincin rana. In ba ka gane ba ma ka zo."

Matsalar ke nan, tumakin. Gidan Etchart masu tumaki ne, gidan Lindqvist masu shanu, kuma tun zamanin kakanni ba sa ga maciji. Ka tambayi Orval dalili, sai ya ce tunkiya na cin ciyawa har saiwa, kamar Tobin ne ya koya mata. Ga shi kuma ya riga ya yi nasa shirin. Idonsa ya fara gajiya, don haka ya ce baɗi Dace Kimbrough ne zai zauna a kujerar, yaron da ya ci gasa sau biyu, mai gashin baki kamar tsintsiya. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Kujerar mace ta ubanta ce, in ya tashi, ta mijinta.

A gaban rumfata suka yi ta, mutane na ji.

"Baba, ni fa Tobin nake so."

"Mai hagu?"

"Shi."

"Yaron da bai san gabas da yamma ba?" Orval ya dangwarar da kofinsa. "Ku shaida, jama'a. Ranar da kuka ga na buɗe bakina na yi wa ɗan masu tumakin nan magana, ranar na ba shi ita. Sai ku jira."

"Zan jira," in ji Reva, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ba zan yi aure ba ka sa albarka ba, Baba. Amma wallahi ba zan auri wani ba. Mu tsufa tare ni da kai, mu ga wanda zai fara gajiya."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan a wurinsa ta gada.

Orval kuwa ya riƙe rantsuwarsa. A coci, a wurin gwanjon dabbobi, Tobin zai cire malafa ya gaishe shi, dattijon ya wuce kamar turken shinge ne ya yi motsi. Abin yana cin yaron, amma bai fasa gaisuwar ba.

Da kaka ta yi, Dace ya jefa nasa makamin. Ya tura wa Reva hoto: Tobin a kujerar mai hange, kansa dab da na Corinne mai shagon sirdi. Reva ta sha kuka a rumbun ciyawa, sannan ta rubuta:

"Ashe ka sami wadda kake karanta wa iska. Allah ya ba da sa'a. Kada ka sake kira na."

"Maharbiyata, ki je ki tambayi Corinne. Ni kunya ba za ta bar ni in faɗa ba."

Ta je a fusace. Corinne na ganinta ta ɗaga hannu biyu sama.

"Don Allah zo ki ɗauki abinki. Roƙona ya yi in bar shi ya koyi karanta iska ina harbi, wai kada ya sake kunyata ki. Ya sa na ƙarar da dalmar harsashin da na narkar tun bazara, mijina har ya fara tambaya ko makancewa na yi."

"Ya iya yanzu?"

"Ina fa!"

Reva ta yi dariya har da hawaye. Kafin ta isa mota ta tura: "Ɗan Tumakina, ka yafe mini. Ina sonka, kai da rashin iyawarka duka."

Yuni ya zagayo. Da aka kira layin su Reva, Dace ya taho da madubinsa yana gyara gashin baki. Ta sa hannu ta dafe kujerar.

"Ba taka ba ce."

"Babanki ne ya ce in zauna."

"Babana ba shi zai harba ba. Tobin, zo."

Orval ya taso yana huci. "Reva, bindigar ubana ce a hannunki. Za ki mayar da ita abin dariya?"

"Ko duka harsashi takwas ɗin zan ɓarar, Baba, da shi zan ɓarar."

Dattijon ya koma bayan igiya ya harɗe hannuwa. Tobin ya zauna, ya sa ido a madubi.

Harsashi na farko ya faɗi dama. Na biyu ya ƙara yin dama. Na uku ban ma ga inda ya tafi ba. Wani a baya ya yi kukan tunkiya, 'yan kallo suka fashe da dariya. Wuyan Tobin ya yi ja.

"Reva, bari in tashi," ya ce ƙasa ƙasa. "Ina kunyata ki."

"In ka tashi, na ajiye bindigar. Faɗa mini abin da ka gani, masoyi."

Ta sa bututu a bindigar ta hura don albarushin ya yi laushi, ta zura wani harsashin, hankalinta kwance. Na huɗu ma ya wuce.

Ni Orval nake kallo. Yana tauna leɓe, yana murza malafa, ƙafarsa na dukan ƙasa. Yana ganin iskar ƙiri ƙiri, kuma ba shi da ikon yi wa 'yarsa magana, shi da ya kori mutane da dama daga filin nan a kan wannan doka. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kai mata saƙon.

Tobin ya ce, "Ina jin ki ƙara saiti biyu dama."

Ai kuwa Orval ya tsallake igiya kamar saurayi, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, ya kai baki kunnen Tobin.

"Kai, yaro, rabu da tutar nan, ƙarya take yi maka. Dubi kawalwalniyar da ke tsakiyar fili. Ina take gudu?"

"Dama, yallaɓai."

"To ce mata uku hagu. Ta jira sai ta lafa. Jira... jira... yanzu."

"Uku hagu, maharbiyata. Yanzu."

Bindigar ta yi tsawa, farin hayaƙi ya rufe su ukun. Kowa ya riƙe numfashi, don a wannan nisa harsashi sai ya yi tafiya, ƙara ma ta yi tata. Can sai muka ji ƙarfe ya amsa, ƙwal. Sauran ukun ma duka suka shiga, dattijon na raɗa, yaron na faɗa.

Reva ta ajiye bindigar ta juyo, hawaye na wanke baƙin fuskarta.

"Baba, ka yi masa magana."

"Na ji kaina, ni ba kurma ba ne." Ya yi ƙoƙarin miƙewa, gwiwa ta ƙi. Tobin ya miƙa masa hannu. Orval ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya kama. "Har yanzu bai iya komai ba."

"Sai ka koya masa."

"Dole, in ba so nake ya kashe ni da takaici ba."

Dace ne ya ci gasar bana ma. Ya ɗauki kofinsa ya tafi, babu wanda ya lura sosai.

A watan Satumba aka ɗaura aure a ƙaramin cocinmu. Aka gasa sa, aka gasa raguna, masu shanu suka ci naman rago har suna ƙari. A bakin ƙofa Orval ya kama hannun Reva ya sa a na Tobin.

"Tun da uwarta ta rasu, ita kaɗai gare ni. Ka riƙe ta da kyau."

"Zan riƙe ta, Baba."

Dattijon ya buɗe baki, duk muka zaci gyara zai yi masa. Sai kawai ya dafa kan yaron ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Muka ce amin, ni har da share ido da gefen rigata. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa Orval ya goyi jikokinsa.