Ba Kowa a Tungar Kassimu

Rana ta faɗi, ba a kai ga kiran magariba ba, sa'ad da Abdulrasheed ya fito daga ɗaki da waya a hannu yana murmushi. A Sabon Birni ne, wani gida mai ɗaki uku a bayan kasuwa, inda Malam Alhassan ya sauka da iyalinsa tun shekarar da ɓarayin daji suka tashi garinsu, Tungar Kassimu, can gaba da Gatawa. Ko Talata ce ko Laraba, ban riƙe ba. Na dai san ƙarshen bazara ne, hadari yana haɗuwa yana watsewa, manoma sun fara duban sama.

"Baba, ta fita," in ji shi. "Yanzu kowa na iya saukewa."

Abdulrasheed ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya dawo ya haɗa wata manhaja ta waya, ya sa mata suna Kunnen Hanya. 'Yan kabu-kabu da direbobi ke kawo masa labari, shi kuma ya shigar: wace hanya aka tare, wane gari aka tasa. Ta farkon rubutu ce zalla, manoma kuwa ba su da lokacin haɗa baƙaƙen boko. Wannan sabuwar da ya saki magana take yi. Ka danna, ta jero maka wuraren da ake gudu ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ba ta ambata ba, lafiya ke nan.

Muryar kuwa ta ƙanwarsa ce, Radiyya, 'yar shekara goma sha tara, mai koyar da yara a Islamiyya. Injin niƙan maƙwabta ba ya shiru sai rana ta faɗi, don haka a wannan ɗan tsakanin, kafin ladan ya buɗe baki, suka riƙa ɗaukar muryar har mako guda.

Ya danna, ya ajiye wayar a kan tabarma. Muryar Radiyya ta cika tsakar gida, a natse, kamar tana biya wa yara karatu. Ta kira gari huɗu ko biyar. Sannan ta ce, "Tungar Kassimu. Ba kowa."

Mahaifiyarsu, Inna Saude, ta tsaya da mara a hannu, tuwo na tururi a gabanta.

"Mi tac ce?"

"Gaskiya tac ce, Inna. Ko kaza ba a bari can ba."

"Ba a cewa kango ba kowa, Abdu. Ko ɗakinka ka rufe wata guda, in za ka buɗe sai ka yi sallama. Balle gari. Kuma da magariba kunka yi wanga aiki?"

Abdulrasheed ya yi dariya, ya ce waya ba ta san magariba ba. Malam Alhassan yana gefe yana alwala.

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki yana cikin wanke ƙafar hagu. Ba babba ba ne. Ya gangaro ya faɗi kusa da buta. Malam ya ɗauka ya juya shi, sai ya ji shi jiƙe, da sanyi, da gansakuka a gefe guda, a garin da ya yi wata bakwai bai ga ruwan sama ba. Ya ajiye shi a hankali, ya tafi masallaci.

Washegari uku suka faɗo, a daidai wannan lokaci. Rana ta uku Abdulrasheed ya hau katanga da sanda don ya kama yaran unguwa, dutse ya wuce ta gefen kunnensa daga sama, ba daga titi ba. Ita kuwa manhaja tana ta yaɗuwa. A rumfar masu caji ana tura ta daga waya zuwa waya, a tasha ana kunna ta kafin mota ta ɗaga, har Isa da Bafarawa. Duk inda ka juya, muryar Radiyya ce ke kiran garuruwa.

A rana ta huɗu Radiyya ta daina magana. Ta dawo daga makaranta, ta zauna a bakin randa, ta zuba wa ruwan cikinta ido. Aka kira ta ba ta waiga ba. Aka ba ta fura ta kau da kai. Da rana ta faɗi sai ta miƙe ta fuskanci wajen da Tunga take, ta yi sallama da wata murya mai kauri, ta tsoho, wadda ba wanda ya taɓa ji a gidan. Ta yi shiru kamar mai jiran amsa. Ta sake yi.

Haka aka kwana tara. Ruwa kaɗai take karɓa, shi ma sai an ɗura. Idanunta suka faɗa, zoben hannunta ya zame da kansa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, an dawo da ita yadda aka kai ta. Inna Saude ta daina ɗora tukunya. Daga ƙarshe aka aika garin Tozai a ɗauko Malam Maliki.

Na san Malam Maliki, mun taɓa zama gaban malami ɗaya, ko a Isa ne ko a wani wuri. Ɗan siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar a bayan babur, ƙura har gira. Ya sa aka shimfiɗa Radiyya a tsakar gida, uwarta ta riƙe kanta, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe su. Injin maƙwabta ya mutu. A cikin wannan shirun Radiyya ta buɗe ido.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san surar."

"To madalla. Wane ne kai?"

"Na rijiyar Tunga. Ina nan tun Kassimu bai sari ƙasa ba. Shi da yaz zo ya yi sallama, na amsa, na matsa mai. Kakan wagga yarinya ya faɗa rijiyar yana ɗan shekara huɗu, ku tambayi ubanta wa yat tallabe shi."

Malam Alhassan ya sunkuyar da kai. Ya san labarin.

"Musulmi ne kai?" in ji Malam Maliki.

"Sallarku nika bi, daga bayan sahu."

"To Musulmi shina zaluntar ɗiyar maƙwabcinai?"

Jikin Radiyya ya girgiza, muryar ta yi ƙasa. "Sun tafi da dare ba wanda ya yi mani bankwana, ban ce komi ba. Na san abin da yak kore su, na gani da idona. Ina zaune ina tsaron rijiya kada ta rufta. Sai ga muryar ɗiyarsu a iska, safe da marece, daga bakin ƙarfe dubu: ba kowa, ba kowa. To ni mi ne?"

"An yi kuskure, yara ne. Mi kake so ka bar ta?"

"Ina so ta ce lafiya lau, kowa shi dawo."

"Ƙarya ke nan. Ɓarayi na nan?"

"Suna nan. A masallaci suke ɗaure babura."

"To ba za a faɗi ƙarya ba, ko za mu kwana nan ni da kai."

Abdulrasheed, wanda ke tsugune a bakin ƙofa, ya matso. "Za ni canza. Za ni sa a ce a yi hattara kawai. Za ni cire muryarta in sa tawa."

Kan Radiyya ya juya gare shi a hankali. "Kai ne mai dariya? Ɗan boko, waya ba ta san magariba ba, ko? Ba muryarka, ba ta kowa. Kada a ƙara kiran sunan garina cikin garuruwan da anka kashe. Ku cire shi. In kun cire, na tafi. In kunka mai da shi, na dawo, kuma sai dai a binne mu tare."

"Allah gafarta Malam," in ji Abdulrasheed, "abin ba haka yake aiki ba. Garin da ba a kira ba, mutane sun san lafiya ke nan. In na cire, kamar na ce su koma ne. Ga damina ta zo."

Malam Maliki ya koma karatu. Ya matsa ƙwarai, har zufa ta jiƙa masa riga. Aljanin bai sassauta ba, sai numfashin yarinyar ya riƙa yin sama, leɓɓanta suka yi fari, uwar ta fara salati da ƙarfi. Malam ya tsaya. Ya dubi Malam Alhassan.

"Ina iya ci gaba. Amma jikinta ba ya kai gobe a haka. Ɗiyarka ce, kai za ka faɗa."

Aka fara kiran salla a masallacin kasuwa. Malam Alhassan ya dubi ɗansa, ya dubi matarsa, bai dubi 'yar ba. Ladan ya kai ƙarshen kiran.

"A cire," ya ce.

"Baba..."

"Na ce a cire. Ka bi tasha-tasha ka faɗa da bakinka. Na rantse ba za a mai da shi ba."

Abdulrasheed ya ɗauko kwamfuta, a gabansu ya goge layin, ya sake sakin manhajar. Ba a fi minti goma ba. Radiyya ta yi atishawa sau uku, ta yi miƙa, ta ce da muryarta, "Inna, yunwa nika ji." Inna Saude ta fashe da kuka. Malam Maliki ya naɗe buzunsa, aka kawo masa abinci bai ci ba.

Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan kam na shaida. Ya bi tashar Sabon Birni da ta Isa, ya tara 'yan kabu-kabu ya roƙe su su gaya wa duk wanda suka ɗauka cewa Tunga ba ta shiguwa. Amma baki yana zuwa inda ƙafa ta kai ne, waya kuwa ta riga shi ko'ina. Mutanen Tunga sun warwatsu, wasu har ƙetaren iyaka.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana goma sha ɗaya, ko sha biyu. Radiyya ta koma makaranta, kumatunta sun fara dawowa.

Ranar wata Juma'a da hantsi, wata mata ta yi sallama a ƙofar gida. Zainaba ce, matar Dalhatu, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na Malam Alhassan a Tunga. Su can wajen Bafarawa suka yi gudun hijira. Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, ta ajiye.

"Kullum da safe sai Dalhatu ya kunna," in ji ta. "Da ya ji ba a kira Tunga ba, ya sake kunnawa har sau uku. Yac ce mani, ɗiyar Malam ba ta ƙarya. Ya ɗauki iri da sungumi, shi da Ikramu babban ɗanmu. Jiya anka samo gawarsu a bakin gona. Suna nan waje, cikin amalanke."

Radiyya ta dafa bango. Abdulrasheed ya buɗe baki, ubansa ya ɗaga masa hannu.

"Ba yaron ba ne, Zainaba. Ni nac ce a cire."

"Na ji labari a hanya." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta dubi Radiyya daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubanta. "Ta yi kyau, ta warke. Da ɗiyata ce, ni ma haka za ni yi."

Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta bar wayar a inda take.

"Tashi, Malam. Kai ne limamin Tunga, ba mu da wani. Zo ka yi masu salla."