Gaisuwar da Baba Ya Koya Mini

"Balki! Zo nan ki hwaɗa mini, mi ne ne wanga?"

Tunda nake, Baba bai taɓa kirana da irin wannan muryar ba. Na shiga ɗakinsa na otal riƙe da shayinsa na la'asar, na tarar ya baza hotunan da muka wanko a kan gado. Ɗaya ya riƙe, ya miƙo mini.

Na leƙa.

Ni ce a jikin hoton, ba takalmi a ƙafata, na durƙusa gwiwa biyu na miƙa hannuwa. A gabana ga hayaƙin turare, ga wani ƙaton gunki mai ruwan zinari yana murmushi.

"Baba, don Allah ka tsaya in yi maka bayani..."

"Bayani? Ke ce ko ba ke ba ce?"

"Ni ce."

Ya zauna a bakin gado, ya dafe kansa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mi zan ce ma uwarki?"

Mahaifina, Alhaji Munkaila, shekara tara ya yi yana zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin daga Maraɗi saro tufafi. Inna kuwa ciwon ƙafa ya hana ta ko zuwa Yamai. Da ya ce bana zai tafi da ni in zaɓi kayan aurena da kaina, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Tahi ki zame mini ido. Ki ɗauko mini hoton garin da ke ƙwace mini miji kowace shekara."

Angon kuwa Lukman ne, Bakano mai karatun zanen gine-gine a can Guangzhou, wanda ke yi wa Baba tafinta idan an yi hutu. An riga an sa mana rana, bayan ƙaramar salla. Mutum ne mai sanyin hali, amma ƙafarsa ba ta da sanyi. Da ya samu kwana biyu sai ya goya jaka ya shiga duniya, yana kallon tsofaffin gine-gine kamar wanda kakansa ya bar wa gado.

Shi ya roƙi Baba ya bar shi ya zaga da ni. Baba ya yarda, amma ya lissafa wuraren da yatsa: kasuwa, tsohon masallaci, da kabarin da ake cewa na sahabi ne. Ya kuma haɗa mu da Hajiya Saude, wata 'yar kasuwar Kano da muke otal ɗaya, mace mai jiki da baki.

Lukman ya sayo mini jakar goyo irin tasa daga kasuwar Shiling. Da Hajiya ta gan mu a ƙofar otal, sai ta tafa hannu.

"Oh ni Saude! Ba a ɗaura aure ba har kun fara goyo?"

Lokacin ana tsakiyar wasannin Olamfik a ƙasar. Kowane shago da tuta, kowane lawban, wato mai shago, idonsa na kan talabijin. Baƙo kuwa ba ya fita sai da fasfo, don ana yawan tambayar takardu. Baba ya ja mini kunne har sau uku, in nawa ya ɓace na shiga uku.

Kwana biyu muka yi muna yawo, kuma ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Mun yi sallar azahar a tsohon masallacin da ya girmi garinmu nesa ba kusa ba. Mun kutsa kasuwar Shisanhang, inda Hajiya ta yi ciniki da yatsu har mai shago ya gaji ya ce, "Meyo! Meyo!" wai babu, alhali ga kayan nan a bayansa. Mun shiga wata kasuwar magunguna na ga busassun kunamu cike da kwando, na ce Inna ba za ta yarda ba sai ta gani. Duk inda na tsaya, Lukman sai ya ɗaga kamara.

"Juyo nan, hasken idona."

"Ka ji ka! Gaban Hajiya?"

"Ni kurma ce yau," in ji Hajiya.

A rana ta uku na hango wata doguwar hasumiya ta saman rufin gidaje, hawa bisa hawa, ja da fari. Lukman ya ce tsohon ɗakin bautar mutanen ƙasar ne, ya haura shekara dubu.

"Mu shiga in gani," na ce.

"Balki, Baba bai ambaci nan ba."

"Bai kuma hana ba."

Ya dube ni. Na san lagonsa, na langaɓe kai. In za a faɗi gaskiya, ni na ja shi, ba shi ya ja ni ba.

Hajiya ta nemi gindin bishiya a waje ta baje. "Ku je ku dawo. Ni ƙafata ba ta shiga."

Da na isa bakin babban zauren, sai na cire takalmina. Ban ma yi tunani ba, wurin ibadar mutane ne, haka na saba. Sai daga baya na lura ni kaɗai ce ba takalmi, kowa na ta kallon ƙafata da lalle.

Na zauna kan wani benci na ciro gorar ruwa daga jaka, na sha, na tashi. Ban yi nisa ba na ji ana ta kira a bayana. Wata tsohuwa ce mai shara, 'yar ƙarama ƙwarai, bayanta ya ranƙwafa, kanta fari fat. Tana tafe da ƙyar tana jan tsintsiya, ɗaya hannun ta ɗaga wani abu sama.

Fasfona ne.

Na ruga wurinta, kafin in san abin da nake yi gwiwoyina sun kai ƙasa. A gidanmu ba a karɓar abu daga hannun babba a tsaye. Na miƙa hannu biyu ina cewa, "Shiye-shiye, Kaka, shiye-shiye!" don ita ce kaɗai godiyar da na iya. Ta yi dariya, bakin ba haƙori, ta shafa kaina.

Lukman yana can baya, abin ya burge shi, ya ɗauka. Bai lura ba cewa wata ƙatuwar tukunyar turare ta tare tsohuwar gaba ɗaya. Mu kuma da muka karɓo hotunan, ko dubawa ba mu yi ba muka miƙa wa Baba.

Duk wannan na faɗa masa, ina kuka ina haɗiye rabin maganar.

"Ina tsohuwar?" ya ce, ya tura mini hoton. "Nuna mini ita!"

"Tana bayan tukunyar..."

"Bayan tukunya. To."

Ana haka Lukman ya yi sallama. Kallo ɗaya ya yi wa hoton ya zube ƙasa.

"Baba, laifina ne. Ni na kai ta."

"Ƙarya yake, Baba, ni na matsa masa!"

"Ke rufe mini baki!" Baba ya juya gare shi, muryarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawar ban tsoro. "Amana na ba ka, Lukman. Wuri uku na hwaɗa maka. Tun ba a ɗaura ba ka kai ta gaban gunki, in an ɗaura ina za ka kai ta? Maganar aure a bar ta. Ran Alhamis za mu koma gida."

Na bi Lukman har kan matakala. Idanunsa sun yi ja.

"Ka ce wani abu mana! Haka za ka tafi?"

"Me zan ce, Balki? Gaskiyarsa ce, na saɓa masa."

"To ni fa? Ni ba ka sona ke nan?"

"Wallahi in aka raba ni da ke ban san inda zan sa kaina ba. Amma ba zan aure ki a kan ɓacin ran mahaifinki ba, abar ƙaunata. Ki koma ki ba shi haƙuri, kar ki ƙara masa."

Na ji haushinsa a lokacin, na kuma ƙara sonsa. Na koma ɗakinmu na kifa kai a cinyar Hajiya na yi ta kuka har ta ce na jiƙa mata zane. Abin da ya fi ci mini rai ba auren kaɗai ba ne. Baba ne, wanda ya koya mini Fatiha da bakinsa, yau yake shakkar imanina.

Washegari da hantsi Baba na shirin fita kasuwar Canaan, Hajiya ta tare shi a ƙofa.

"Alhaji, ni ban shiga ba, ban ga komai ba, ba zan yi maka shaidar zur ba. Tambaya ɗaya gare ni. In da gaske akwai tsohuwar nan fa?"

"In akwai ta, sai mi?"

"Sai ya zama wata baiwar Allah ta tsinci fasfon 'yarka a wannan marra, ta mayar mata, kai kuma ka hau jirgi ko na gode ba ka ce ba. Yaba kyauta tukwici, Alhaji. Ko a Maraɗi ba haka ake yi ba?"

Nan ta kama shi. Baba zai iya kwana da yunwa, amma ba zai iya kwana da alherin da bai gode wa ba. Ya daɗe a tsaye, sannan ya koma ciki ya ɗauko ledar dabinon da ya zo da ita daga gida.

"A kira yaron nan ya yi mini tahinta. Amma ba ni shiga, bakin ƙohwa zan tsaya."

Muka shiga mota. Ni addu'a kawai nake, Allah ya sa ranar aikinta ce.

Muka tsaya a bakin ƙofar wurin bautar, gefen wani zaki na dutse mai buɗaɗɗen baki. Lukman ya shiga. Minti biyar, minti goma. Baba ya duba agogo ya dube ni. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takalmina.

Sai na ji ƙarar tsintsiya ana jan ta a ƙasa.

Ga ta nan tafe, Lukman na riƙe da gwiwar hannunta. Da ta gan ni sai ta washe baki, ta zana murabba'i da yatsu a iska, tana nuna fasfo, tana yi mini faɗa da yarensu.

"Cewa take ki riƙa zuge jakarki," in ji Lukman.

Ta tsaya a gaban zakin dutsen tana haki. Ko kafaɗar Baba ba ta kai ba, kuma a girme ta haife shi. Na ga ya dube ta, ya dubi farin kanta. Sai kawai ya zame takalmansa, ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna har ƙasa, ya miƙa mata dabinon da hannu biyu.

"Sannu, Inna. Mun gode, mun gode. Allah shi saka miki da alheri."

Ƙyas! Hajiya ce, da kamarar Lukman a hannunta.

Tsohuwar ta karɓa tana ta gyaɗa kai, ta ɗauki dabino ɗaya ta sa a baki, ta koma bakin aikinta. Baba ya miƙe yana sa takalmi. Hajiya ta matso, fuskarta ba alamar wasa, ta juya masa bayan kamarar.

"Alhaji, duba mini wannan. Idona ba ya gani sosai."

Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. Babbar rigarsa ta rufe tsohuwar ruf, ko tsintsiyarta ba a gani. Alhaji Munkaila ne kawai, ba takalmi, a tsugune, ya miƙa hannu biyu ga zakin dutse.

"Ina tsohuwar, Alhaji?" in ji Hajiya a hankali.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Na zaci zai yi fushi, sai na ga ya sunkuyar da kai.

"Ban ma san na tsuguna ba," ya ce.

"Ni ma haka, Baba."

Ya juyo ya dube ni, idonsa cike da ƙwalla. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, a bakin titin Guangzhou, mutane na wucewa da kekuna.

"Ni na koya miki. Tun kina 'yar shekara ukku nike ce miki ba a gaida babba a tsaye. Kin yi abin da na koya miki, ni kuma na yarda da takarda na ƙi yarda da ɗiyata. Ki gahwarta mini, Balki."

"Haba Baba! Ni ce da neman gafara, na shiga inda ba ka ce ba."

Lukman ya durƙusa a gefena. "Ni ma a yafe mini, Baba. Ba zan sake ba."

"Kai tashi!" Baba ya ce, yana share ido da hannun riga. "Tashi maza kahin Hajiya ta ɗauke ka kai ma. Rana tana nan inda aka sa ta."

Na rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mini. Hajiya ta rangaɗa guɗa, har wani mai gadi ya leƙo.

An ɗaura aurenmu sati biyu bayan salla. Hotunan kasuwa da na masallaci duk Inna ta raba wa 'yan'uwa, amma guda biyu ta sa aka yi musu gilashi ta rataye a ɗakinta, nawa da na Baba, kafaɗa da kafaɗa. Duk baƙon da ya gani sai ya zaro ido, ita kuma sai ta gyara zaman ƙafarta mai ciwo ta ce ya zauna tukuna.

"Akwai wata tsohuwa cikin hotunan nan," take cewa. "Ba a ganinta, amma mu mun san tana nan."